Maganar da Ban Faɗa wa Falmata Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Falmata ta tafi. Da safen nan ina ɗumama tuwo, matar ɗana ta faɗo ɗaki ko sallama babu, ta ce, "Inna, Hajiya Falmata ta rasu." Na ce wace Falmatan? Sai ka ce muna da guda goma a lungun.

Ɗaya ce tal. Mai turaren wuta, wadda ƙofarta ke kallon tamu a Mandawari.

Ku da kuka saba leƙowa shafin nan ku sha dariyar tsohuwa, yau ku yi haƙuri da ni. Akwai maganar da na riƙe ban faɗa ba, kuma wadda ya kamata ta ji ta an kai ta makwancinta kafin azahar.

Tun ina amarya na tarar da ita a lungun nan. Ita Babarbariya ce, kakanninta daga Barno suka zo, ni kuma da jinin Fulani, to kun san sauran. Ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Ta ce, "Bafillatana mai rowar nono, kin tashi?" In ce, "Na tashi, hayaƙinki ne ya hana ni barci." Shekara arba'in da ɗoriya a haka.

Da Malam ya rasu ina takaba, kullum sai ta shigo ta share mini ɗaki ta turara shi, tana mita wai ɗakin Fulani warin man shanu yake. In ta je Kurmi sayen kayan turare ba ta dawowa ba ta ƙullo mini goro a bakin mayafi ba. Ta miƙo ta ce, "Ungo, ki ƙarasa sauran haƙoran."

Jikata Safiya ce ta shiga tsakaninmu, ita kuwa ba ta san ta shiga ba.

Safiya 'yar ɗana Sani ce, shekararta goma sha shida. Doguwa ce siririya, ƙirar kakanta Malam sak. Ni na laƙaba mata Tsinken Tsire, sunan kuwa ya bi ta har Islamiyya. In an ajiye tire mun kewaye, nan nake buɗe kasuwata. "Ku kashe fanka kar ta yi sama da ita." "Wane miji ne zai zo ya kwashi ƙashi?" In tura mata nama gabanta, in riƙa ƙirga mata loma da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, to jama'a a yi guɗa, amarya ta ƙoshi.

Kowa ya yi ta dariya. Ni kuwa sai in ƙara gishiri.

Wasan kaka da jika ne, wa zai hana ni? Sauran jikokin ramawa suke, su ce tsohuwa mai haƙori uku, mu yi ta yi. Safiya murmushi kawai take ta sunkuyar da kai. Uwarta tana gani, amma ina matar ɗa za ta buɗe baki ta ce wa uwar miji ta bari? Sannu a hankali yarinya ta daina zuwa tire. Kullum "na ci a makaranta."

Wata rana bayan la'asar Falmata ta shigo. Ba Bafillatana, ba goro. Ta ajiye mini wasu ƙwayoyi a cinya.

Na ce, "Maganin ƙafarki ne kika kawo mini ajiya?"

Ta ce, "Sha-ka-fashe ne, maganin ƙiba. Daga jakar Safiya ya faɗo a ɗakina. A kemis take saye. Kin san a gidana tana cinye kwanon burabisko ita kaɗai? Don ba mai kallon hannunta."

Na ce ai wasa ne, haka muka taso muka tarar, mu ma kakanninmu sun yi mana.

Ta ce, "Ni da ke muna wasa don in kin jefo ina jefa miki. Yarinyar nan ta taɓa rama miki ko sau ɗaya?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Kuma matar ɗana tana tsakar gida tana ji. Sai bakin nan nawa da kuke yabo ya yi aikinsa. Na ce, "Ke da ba ki taɓa goya naki ba, me kika sani a kan jika?"

Allah bai ba Falmata haihuwa ba. Amma rabin yaran lungun nan a bayanta suka yi barci, har da Sanin nawa.

Ta dafa bango ta miƙe, ta sa takalminta a hankali, ta ce, "Allah Ya ba mu alheri." Ta fita.

Ƙwayoyin na watsa su a kwata, ban gaya wa uban yarinya ba, don kar a ce Falmata ta yi gaskiya. Na ɗan sassauta tsokanar kwana biyu, na koma ruwa.

Ba a yi wata biyu ba fuskar Safiya ta kumbura, jiri ya kwashe ta a Islamiyya. Ashe ba ta daina sha ba. A asibiti likitar, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta gama dubawa ta ce da ma can lafiyarta ƙalau, ƙirar jikinta ce haka, maganin ne ya jawo ciwon. Sannan ta ce, "Wa ya ce mata jikinta yana da aibu?"

Uwarta ta kalli ƙasa. Ubanta ya kalli bango. Safiya ta ɗago ta kalle ni, sau ɗaya, ta mayar da kai.

Daga ranar na binne Tsinken Tsire. Duk yaron da ya faɗa a gidan nan, da ni zai yi. In an ajiye tire hannuna nake kallo. An daɗe kafin ta dawo cikinmu, ta fara da zama a gefe, yanzu har takan ce a miƙo mata yaji. Tana nan siririyarta, in ta ƙoshi ta tashi, ba mai cewa uffan.

Wannan na iya gyarawa. Amma taku goma zuwa ƙofar Falmata ya gagare ni wata bakwai. Kowace Juma'a in ce yau zan shiga, sai in ga ai na yi baƙi, ai ƙafata na ciwo, ai ita ma ta san halina. Ita kuwa ba ta fasa aiko wa Safiya kwano ba, a ce "a ba 'yata." A kan murfin kuma kullum da ɗan ƙullin turare. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba. Ni nake ɗauka in turara ɗakina, ko kunya babu.

Sati biyu da suka wuce aka yi suna a Goron Dutse. Da za mu dawo Allah Ya haɗa mu a adaidaita ɗaya, aka matse mu kafaɗa da kafaɗa. Mun yi nisa, sai ta ce, "Bafillatana."

Na ce, "Na'am."

"'Yata tana ci?"

"Tana ci."

"Kin daina ƙirgawa?"

"Na daina."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To madalla."

Wallahi maganar tana kan harshena. Ki yafe mini, kalma uku. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Matsa can, hayaƙinki zai shaƙe ni." Ta yi dariya har da tari, ta ce wa mai adaidaita ya sauke tsohuwar nan a kasuwar shanu wurin danginta. Na ji daɗi, na ce a raina shi ke nan an shirya. Da muka sauka na ce zan shigo ranar Juma'a. Ta ce, "Ki zo da nonon da kike ɓoyewa."

Juma'a biyu suka wuce ban shiga ba.

Yau na shiga. Na tarar da ita an lulluɓe ta.

Da aka fita da ita na dawo gida na samu Safiya a ɗakina tana kuka. Na zauna kusa da ita, na ce, "Safiya, abin da na yi miki ba wasa ba ne. Ki yafe mini." Ban taɓa roƙon jika gafara ba, ban ma san ana yi ba.

Ta ce, "Inna, ni na yafe tuntuni." Ta share hanci da hijabi. "Kowace Juma'a sai Hajiya ta sa na shimfiɗa mata tabarma biyu. In na tambaya ta ce ko za a yi baƙuwa."



'Yan'uwana kakanni, ban isa in yi muku wa'azi ba, kun dai ji abin da bakina ya jawo. In kin tsokani jika kin ga bai rama ba, ki duba fuskarsa da kyau. In kuma akwai ƙofar da kike cewa sai Juma'a, ki ɗauki mayafinki yanzu.

Ya Allah Ka jiƙan Falmata, Ka haskaka kabarinta, Ka sanya shi ya fi ɗakinta ƙamshi. 'Ya'yan mutane da ta goya ta ciyar, Ka sa su zame mata hujja ranar gobe. Ka sada ta da Annabin rahama, sallallahu alaihi wa sallam.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In da saura a bakinku, ku roƙa mini Allah Ya sa ta yafe mini kafin ta cika, don ni ban tambaya ba.