Albasa Ta Tara Mini 'Yan Ta'aziyya

Jama'a, yau an zo mini ta'aziyya, ba wanda ya rasu! Uwar maigidana za ta zo daga Argungu, na ce bari in gasa mata mitfai, burodin nan mai haɗin nama da albasa a ciki, a tukunyar yashi. Don tsoron kar ya kasa, albasa kwano guda na yanka. Hawaye shaɓe-shaɓe! Maƙwabciyata Inna Kulu ta leƙo, ta gan ni, ta fita da salati. Kafin in sauke tukunya mata shida sun shimfiɗa tabarma!

Na ce, "Wallahi albasa ce!"

Inna Kulu ta ce, "To ɗiyata, kawo mu ɗanɗana abin da ya sa ki kuka."

Suka cinye tas! Ga Hajiya, uwar maigidan nawa, can tana sallama. Mi zan ba ta?