Tasallah da Tukunyar Dibis

Tasallah 'yar Maƙarfi ce, ƙasar rake. Tun tana ƙanƙanuwa take tsayawa gefen murhun mahaifinta, doki na juya injin matsa, ruwan rake na tafarfasa har ya zama mazarƙwaila. A gidansu, duk wanda ya sauke tukunya abin bai kama jiki ba, rago ake ce masa. Bayan mijinta ya rasu, ta aurar da 'ya'yanta, sai ta samu aikin girki a Madina, a unguwar Jurf, gidan Alhaji Ubaidullah, dattijon da kakanninsa suka zo hajji a ƙafa suka yi zamansu.

Ta yi shekaru tana girki, ba wanda ya taɓa ture kwanonta. Sai bara Alhaji ya kwanta asibiti, ya dawo gida bakinsa ya ƙi abinci. Likita ya gaya wa 'yarsa Nadiya cewa in bai soma ci ba, za a mayar da shi a sa masa robar abinci ta hanci. Alhaji ya ce ko kusa. Abu ɗaya yake ambata: kunun gyaɗa da dibis, wato ruwan dabino mai kauri, irin wanda marigayiya matarsa Shafa'atu ke dafawa da hannunta. Na kanti da aka sayo, ya lasa ya kau da kai.

Tasallah ba ta taɓa yin dibis ba, amma ta ce, "Wadda ta iya rake, dabino ba zai gagare ta ba."

Ta jiƙa dabino, ta cire ƙwallayen, ta dafa har ya yi laushi, ta tace da farin ƙyalle, ta mayar da ruwan kan wuta. Daga nan hannunta ya koma Maƙarfi. Ta yi ta juyawa, tana ɗiga shi a ruwan sanyi, tana jira ya dunƙule. Da ya huce, sai da aka sa wuƙa kafin ludayin ya fito.

Alhaji ya dubi dunƙulen da ta kawo masa a faranti.

"Tasallah, 'yan haƙoran da suka rage min kike nema?"

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Gobe ma rana ce."

Ta canza dabino, ta canza tukunya, ta rage wuta. Kullum dai alewa take samu, wani lokacin har da ɗacin ƙuna. Alhaji kuwa sai ƙara ramewa yake, zobensa har yawo yake a yatsa.

Ran nan Nadiya ta dawo daga kantunan titin Sultana da wata 'yar kwalba mai hoton jan ganye. Nadiya haifaffiyar Madina ce, Hausarta rabi Larabci.

"Inna Tasallah, shufi, duba, wannan daga Kanada. Yimkin, wataƙila Baba ya so."

Baba bai so ba. Ya shinshina ya ce ƙanshin itacen wasu ne. A kicin Tasallah ta tambayi abin da ke ciki. Nadiya ta ce ruwan wata bishiya ne, mapul. Idan sanyi ya fara sakin ƙasa sai a huda jikinta, ruwa ya riƙa ɗiga a bokiti, tsararo, zaƙinsa kaɗan. A yi ta dafa shi har ya yi kauri, a tace, a zuba wa abin karin kumallo maimakon sukari.

Tasallah ta karkata kwalbar. Abin ya gangaro a hankali, ya ja zare, bai tsaya ba.

"Su ba sa jira ya daskare?"

"La, Inna. Yana zuba suke saukewa. In ya huce zai ƙara kauri da kansa."

Tasallah ta sake duban kwalbar. Ashe ba dabinon ba ne, ba tukunyar ba ce.

Washegari da hantsi ta sake ɗora ruwan dabino a wuta, ta ajiye kwalbar Kanada kusa da murhu. Ta ɗiga nata a faranti, ta ɗiga nasu a gefe, ta karkata. Da suka gangara kafaɗa da kafaɗa, ta kama hannun tukunya. Jikinta duka na cewa da saura. Har muryar mahaifinta ta ji yana cewa raguwa. Ta cije leɓe, ta ce bismillahi, ta sauke.

Bayan azahar ta dama kunu, ta zuba dibis ɗin ya kwanta a kai, baƙi-baƙi da sheƙi. Alhaji ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Na Shafa'atu ya fi wannan duhu," in ji shi.

"Allah ya jiƙanta. Kawo kofin in mayar."

Ya riƙe kofin gam. Sai da ya ga ƙasansa ya miƙo. "Ƙaro kaɗan."

Ba a mayar da shi asibiti ba. Dunƙulen alewar da suka taru kuwa Tasallah ba ta zubar ba. Suna cikin gwangwani a ɗakinta, in ta gama aiki takan ɓalli kaɗan ta tsotsa. Ta ce wannan nata ne.