Matar da Ke Tambayata Lokaci

A shekarar da ambaliya ta tsare mu kwana uku a saman benen wata makaranta na fara ganinta, har yau kuma tana nan a idona. Tana tsaye bakin tagar aji, inda nan kaɗai waya ke kama sabis. Zanenta a jiƙe yake har gwiwa, hannuwanta da kaushi irin na mai wankau. Wayarta na cikin leda, ƙulle a bakin mayafi, a kashe, domin cajin saura kaɗan.

Wayar da ke kashe ba ta nuna lokaci, shi ya sa take zuwa wurina.

"Baba, ƙarfe nawa?"

Na ji tana gaya wa wata cewa mijinta na kan rufin gidansu, ruwa ya kewaye shi. Sun yi da shi duk bayan awa biyu kowa ya kunna, shi ya kira ya katse. Ƙara ɗaya na nufin yana da rai.

Ƙarfe goma wayar ta yi ƙara, sha biyu ma haka. Ƙarfe biyu ta kunna, ta ɗaga ta sama, shiru.

"Baba, anya agogon nan naka ba ya gudu?"

A makarantar mishan, a kan minti ɗaya ake yi mana bulala. Shekara arba'in agogon nan bai taɓa kuskure ba.

"Yana gudu, 'yata," na ce. "Da minti goma. Ƙara jira."