Muryar Nasiratu Mai Gyaran Ɗakuna

Nasiratu 'yar Zangon Kumasi ce, tana gyaran ɗakuna a wani otal a Doha. Lokacin kullen korona, a ɗakinsu na unguwar Mansura, ta haddace faifan wata Ba'amurkiya mai ƙaƙƙarfar murya, duk tsofaffin waƙoƙin karkara da na soyayyar da ta watse.

Ana tsakiyar gasar kofin duniya mawaƙiyar otal ɗin ta kwanta ciwo. Nasiratu ta yi ƙarfin hali ta rera wa manaja waƙa ɗaya, har ya ajiye wayarsa.

"Murya kam akwai," in ji shi, "amma takardarki ta mai shara ce. Khalas, magana ta ƙare."

Ranar, rediyo aka kunna wa baƙi. Ita kuwa tana hawa na tara, tana fizgar zanen gado kamar da shi suka yi faɗa.