Telan da Ya Koyi Ƙetare Gulbi

Ilyasu tela ne a Sabon Gari, cikin Maraɗi. Tun yana saurayi yake kan keken ɗinki, har tumbi ya fara taɓa teburin keken. Mutum ne mai yawan ba'a. Mai kaya kan zo da fushi don an saɓa masa alkawari, ya koma yana dariya, rigar kuma ba a gama ba.

Da tansiyo, wato hawan jini, ya fara damun sa, likita ya ce ya rage gishiri, ya riƙa tafiya a ƙasa. Gishirin dai bai ragu sosai ba, amma tafiyar ya kama ta da gaske. Duk Lahadi da sassafe sai ya rataya jaka da gorar ruwa da ƙuli-ƙuli, ya bi ta gonaki, wani lokaci Tibiri, wani lokaci Jiratawa. Maƙwabcinsa Jibo mai gyaran babur ya fara bin sa, wai don ya ga inda zai faɗi.

Da rani gulbin Maraɗi yashi ne kawai, suna ratsa shi suna hira. Da damina ta faɗi, wata rana suka fito ta wajen Jiratawa suka tarar ruwa ya zo, jajir da laka. Ilyasu ya duba inda gulbin ya fi tsukewa.

"Nan ai taku kaɗan ne, Jibo," in ji shi.

Ya naɗe wando ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya, sai yashi ya zame masa, ya zauna daɓas. Ruwa ya tafi da hula da ƙuli-ƙuli. Jibo ya miƙa masa reshe ya jawo shi bakin gaɓa yana tari.

Wasu mata masu kai zogale kasuwa suna tsaye suna kallo. Babbarsu, wata dattijuwa da ake kira Inna Tahira, ta sauke kwandonta.

"Malam, wanka ka zo yi da kaya a jiki?"

"Inna, ƙetarewa zan yi."

"To ba a nan ake yi ba. Inda ya tsuke nan ne yake da zurfi da ƙarfi. Ku biyo mu."

Suka bi gaɓa har inda ruwan ya baje ya yi faɗi. Ta ara wa Ilyasu sandarta, ta ce ya fara dafa ta kafin ya sa ƙafa, ya fuskanci inda ruwan ke tahowa, ya riƙa jan ƙafa a hankali, kada ya ɗaga ta. Ta sa ya sassauta igiyar jakarsa, don in ya sake faɗuwa ya iya yar da ita.

"Ku riƙe juna. Kai mai jiki ka tsaya ta sama, ka tare wa siririn nan ruwa."

"Yau dai tumbin nan ya yi rana," in ji Jibo.

Matan suka shige gaba da kwanduna a ka, su kuma suna biye, Ilyasu yana ta salati har suka taka busasshen yashi. Da ya isa gida ba hula, matarsa Zuliha ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ko kifi ɗaya bai kamo mata ba?

Yanzu masu tattakin Lahadi sun yi yawa, har da malaman lakwal, wato makarantar boko, da ƴan kasuwa, kowa da sandarsa. Ilyasu ne ke fara gwada ruwa. In ruwan ya wuce gwiwa yana gudu, ba mai shiga.

A daminar bara wani sabon shiga, Bilal, ya ga gulbi ya cika ya ce shi ya iya iyo.

"Madalla," in ji Ilyasu. "Ka ajiye iyawarka, wata rana za ta yi amfani. Yau masara za mu ci."

Akwai wani manomi kusa da ke gasa ɗanyar masara. Suka zauna gindin gawo suna ci, suna kallon ruwa yana wucewa da kara da rassan itace. Bilal ya ga wani ƙaton reshe yana juyawa a tsakiya, ya miƙa hannu a ƙara masa masara. Da rana ta ɗaga suka juya, suka bi hanyar da suka zo.