Zane Biyu a Jikin Sanda

Ku matso, ku ba ni kunne, ga ta nan tafe gare ku.

Muna yara a Ƙofar Taramniya, in an sauke tuwo bayan magariba, sai mu kewaye kakarmu Inna Ige a bakin murhu, tana tura kara cikin wuta tana magana a hankali. Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta mai gadin gulbi. Mutanen fadama sunka aje shi ya buga ganga in ruwa zai ci gona. Iska ta kaɗa ruwa, ya buga. Kifi ya yi tsalle, ya buga. Har mutane sunka daina fitowa. Sai wata tsohuwa ta kafa masa sanda a gaɓa, ta yi zane biyu, ta ce kada ya buga sai ruwa ya haye na sama, kada ya ce lafiya sai ya sauka daga na ƙasa.

"Kun jiya?" in ji Inna. "Ba kowane motsi ba ne saƙo."

Na riƙe wannan har ɗakina. Da ɗiyata Asabe ta fara zazzaɓi, yau ya hau gobe ya sauka, maigidana Malam ya ce mu tai asibiti. Na ce masa iska ce ke kaɗa ruwa. Kwana biyar ina jiran zanen sama.

Bara jikana Bello, injiniya, ya zo da wani ɗan baƙin abu, bai kai farce ba. Wai ana rubuta masa umarni, shi zai riƙa kunna injin burtsatse a Dundaye.

"Angona, mi ya ɓata maka rai?"

"Hajiya, wayar da ke kawo masa labarin ruwan tanki tana kwaso hayaniyar janareto. Ya kunna, ya kashe, har inji ya ƙone. Yanzu na sa masa iyaka biyu a mashigar labarin, ya daina jin kowane ƙyas."

"Mun san wannan tun ba a haifi ubanka ba."

Ya yi dariya. "Tsohuwa, wuyar tana ga tazarar da ke tsakaninsu. In ta yi faɗi, tanki ya bushe, shi yana nan yana jira."

Inna ba ta taɓa gaya mana a ina tsohuwar ta yi zanen ba, ni ma ban tambaya ba.

Inna ta rasu da tsufanta. Injin Bello na aiki, matan Dundaye na ɗibar ruwa. Malam ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar kwana biyar ɗin nan ba. Asabe kuwa, ran na shida munka kai ta asibiti, ran na bakwai anka kai ta makwanci. Shekararta huɗu.