Na Kai Masu Auna Sama Fakku da Irin Gero a Ƙarƙashin Kujerata

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Tambuwal, mu uku a cikin tsohuwar a-kori-kurata. Ni ne direba. Sauran biyun baƙi ne daga wata jami'a: mace guda da ake kira Dakta, da abokin aikinta, wani dogo mai tabarau wanda bai cika magana ba. Ya yi mini daidai. Kayansu suna baya: tukunyar gas, akwatuna biyu, da wani ƙarfe mai yatsu da ake kafawa a ƙasa. Nawa kayan yana ƙarƙashin kujerata. Irin gero ne, tiya uku, a ƙulle cikin tsohon zane.

Sai na faɗi dalilin geron, in ba haka ba tafiyar ba za ta fahimtu ba. Shekara huɗu ke nan da muka baro ƙauyenmu na bakin daji a guje. Babu kowa a cikinsa yanzu. Mun bar rumbuna, mun bar shanu, mun bar kaburburan ƙannena biyu. Ban da iyali, abin da na fito da shi damin gero ne guda, irin na babana. Gajere ne, mai saurin nuna, ban taɓa ganinsa a wata kasuwa ba. Bara na shuka shi da ruwan farko, ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone. Tiya ukun nan su suka rage. In sun tafi, shi ke nan. Shi ya sa ba na barinsa a gida. Akwai ɓera, akwai gobara, akwai ranar da uwargida za ta duba tukunya ta ga ba komai ta daka shi. Ba zan ga laifinta ba.

Kwana uku kafin tafiyar an yi ruwa a Tambuwal. Maƙwabta duk sun fita da sungumi. Ni ban fita ba. Da aka ce mini baƙin nan suna aiki da tauraron ɗan Adam mai ganin danshin da ke can sama, na karɓi aikin ban ko yi ciniki ba. Tambaya ɗaya nake da ita: in shuka ko in jira.

Hanyar Kebbe tana nan yadda na san ta. Inda kwalta ta rage ta fi inda babu ita cin taya. 'Yan kabu-kabu suna wuce mu da buhuna da awaki, wani har da ƙofar langa-langa a bayansa. Hagu da dama mutane ne a gonaki, namiji yana sara da sungumi, na bayansa yana jefa iri yana takewa da diddige. Mai tabarau ya ɗauki hoto. Ni na duba ƙasar da sungumin ke fitarwa. Samanta baƙa, ƙasanta fara.

Mun shiga Kebbe da hantsi. Mai ya fi tsada a nan, kuma a galan ake sayar da shi, na tace shi da hulata kafin ya shiga tanki. Muka karya da ƙosai da kunu a bakin kasuwa. Na sayi hoce, gasasshiyar wainar dawa mai tauri, don hanya. Mai tabarau ya gatsa sau ɗaya ya tsaya yana duba haƙorinsa, sai mai hocen ta ce masa ba a yi shi don masu gaggawa ba.

A nan Dakta ta bayyana mini aikin, don na tambaya. Ta ce can sama da gajimare, inda iska ta yi sanyi fiye da ƙanƙara, akwai tururin ruwa ɗan kaɗan wanda ido ba ya gani. Duk ƙanƙantarsa yana riƙe zafin duniya kamar murfin tukunya. In ya ƙaru, zafi ya ƙaru. Tauraron yana zagaya duniya yana auna shi daga nesa, ba ya taɓa shi, ɗumin da ke fita daga tururin yake karantawa. Su kuma za su saki balan-balan ɗauke da ƙaramar na'ura daidai lokacin da tauraron zai bi ta kanmu, wajen azahar. Na'urar za ta ratsa iskar da kanta ta aiko da abin da ta ji. Sai a gwada biyun.

Na ce, “Wato ba ku yarda da shi ba.”

Ta ce, “Malam direba, ba ma yarda da awo ɗaya, komai tsadarsa.”

Daga Kebbe zuwa Fakku ba hanya ba ce, sawun babura ne. A wani busasshen rafi mota ta nutse har gindi. Dakta ta duba agogo. In azahar ta wuce muna nan, tauraron ya wuce, tafiyar ta tashi a banza. Na cire riga na shiga haƙa. Yashin sama da laima, tafin hannu ɗaya a ƙasa kuma sai gari kamar na rani. Wasu Fulani biyu da ke kora shanu suka tsaya suka tura mana. Ɗayansu ya leƙa tukunyar gas ya tambaya ko abinci za mu dafa a daji. Na ce sama za mu aika wa. Ya kalle ni, ya kora shanunsa.

Mun isa Fakku rana ta kusa tsaka. Dakta tana son a wuce fili kai tsaye, na ce a'a, sai an gai da maigari. Wanda ya saki abu a sararin garin mutane ba da sallama ba a wannan zamanin, shi ya san abin da ya nema. Gaisuwar ta ci lokaci, Dakta tana murmushi tana murza agogo. Maigari ya haɗa mu da wani tsoho mai gona a bayan gari, ya ce filinsa ya fi faɗi, ba itace.

Aka kafa ƙarfen, aka buɗe kwamfuta a inuwar mota, aka hura balan-balan ɗin har ya fi tulu uku girma, fari fat. Rabin gari ya fito. Wani ya ce in ya faɗo a gonarsa nasa ne. Mai tabarau ya ɗaga shi sama da hannu biyu, Dakta ta ƙirga, ya saki. Ya tashi da 'yar na'urar tana lilo a ƙarƙashinsa, ya zama kamar ƙwai, ya zama kamar ƙwayar gero, ya ɓace. Tauraron kuwa ba wanda ya gan shi. An ce ya wuce. Muka yi alwala muka yi azahar a gefen gonar.

Bayan sallah na je na tsuguna kusa da Dakta. A fuskar kwamfutar wani layi yana hawa a karkace. Ta nuna mini wani hoto kuma na ƙasarmu daga sama, kudu fari-fari, wajenmu duhu. Ta ce farin danshi ne, duhun busasshiyar iska.

Na ce, “Dakta, in shuka?”

Ta ce, “Ba zan yi maka ƙarya ba. Aikina na shekaru ne, in tara awon bana da na baɗi da na shekara ashirin in ga inda duniya ta dosa. Ba na sanin ko za a yi ruwa ranar Alhamis. Abin da na gani yau, samanmu a bushe take. Gobe Allah ya sani.”

Na yi tafiyar rabin yini a kan wannan amsa. Ban ji haushi ba. Na saba.

Tsohon mai gonar yana tsaye yana jinmu. Ya ce, “Kai ɗana, mi kaka son shibkawa da kaka tambayar injin?”

Na je na ɗauko ƙullin na kwance. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Ya ɗebi kaɗan ya murza a tafinsa, ya sa ƙwaya ɗaya a baki. Ya tambayi garinmu, na faɗa masa. Bai yi mini jaje mai tsawo ba, na gode masa da hakan. Sai ya durƙusa ya cusa hannu cikin ƙasar gonarsa, ya zaro ya nuna mini. Laima ta tsaya a gaɓar yatsu ta biyu.

Ya ce, “Wanga ruwa na ƙarya na. Sai hannu ya nutse har wuyanai cikin sanyi, sannan a kai iri. Waɗanda sunka shibka shekaranjiya, su sake.” Ya dubi ƙullin. “Amma kai wautarka ta fi tasu. Duka irin ubanka wuri guda? Cikin mota? In ta kama wuta fa?”

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba, don gaskiya ya faɗa.

Ya ce su a nan, iri mai daraja ba ya kwana a hannu ɗaya. Ana raba shi. Kashi guda a ba wani a wani gari ya shuka a gefen gonarsa, don ruwa ba ya sauka ko ɗaukewa a ko'ina rana ɗaya. In naka ya ƙone, ka je ka karɓi zangarniya a wurinsa. In nasa ya ƙone, ya zo wurinka. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida. Ya ce irin dawarsa ma yana hannun wani a Dogon Daji tun zamanin mahaifinsa.

Shekara huɗu ban ba kowa ajiyar ko allura ba. Mutumin nan ban san shi ba sai yau. Na tsaya da ƙullin a hannu har Dakta ta fara naɗe wayoyinta. Sannan na ce a kawo tiya. Na auna guda cur na juye masa a ƙwarya.

Ya ce, “In Allah ya kai mu kaka, ka zo da buhu. In ban nan, ɗiyana sun san gefen da ni ka sa shi.”

Dawowa ba wani labari. Mun bi ta rafin nan ta sama, ba mu nutse ba. Mai tabarau ya yi barci da sauran hocensa a hannu. Dakta ta ce awon biyu sun kusa daidaita, ta ji daɗi. Mun shiga Tambuwal kafin magariba, suka sauka suka nemi motar Sakkwato.

Uwargida ta tare ni a zaure. Ta ce, “To, mi tauraron yac ce?”

Na ce, “Ya ce a sa hannu a ƙasa.”

Washegari na je gona na sa. Yatsu biyu. Na dawo. Kwana tara ana rana, shukar maƙwabta ta fito ta lanƙwashe ta bushe, ban yi wa kowa magana ba don na san ɗacin. Ran na goma aka yi ruwa tun la'asar har aka yi isha. Da safe hannuna ya nutse har wuya cikin sanyi. Na shuka tiya ɗaya. Ɗayar na sa a tulu na liƙe bakin da laka, na ba uwargida ta ajiye. Ta dube ni, don ta san ban taɓa ba ta ajiyarsa ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Masu tauraro ba su yarda da ido ɗaya ba, tsohon Fakku bai yarda da gona ɗaya ba, ni kuma na ɗauka tsaro shi ne in zauna a kan abina. Ko geron zai yi, ban sani ba, damina da saura. Amma jiya wani ɗan kabu-kabu daga Kebbe ya tsaya a tasha yana cigiyar direban da ya kai masu balan-balan. Ya ce tsoho ya ce a gaya mini ya tsiro.

Ƙarƙashin kujerata yanzu ba komai sai jak da sifana.